Jan Suna a Bayan Dutsen Janar

Babana Isokichi masassaƙin dutse ne, kamar ubansa da kakansa. Duk kabarin da ke kan tudun garinmu Oshibuchi, in dai akwai rubutu a jikinsa, hannun ɗaya daga cikin su ukun ne. Gajere ne kakkaura, kunnensa na hagu ya mutu saboda ƙarar guduma, kuma ya san amfanin wannan kunnen, don in maganarka ba ta yi masa ba shi yake juyo maka. Mu biyu ya haifa, yayana Sakuji sai ni Tatsuno. Sakuji ne zai gaji gudumar. Ni kuwa aikina kawo shayi da tsoma baki a abin da ba a tambaye ni ba, kuma har yau da na tsufa ban fasa ba.

Mutum ɗaya garinmu ya haifa da duniya ta san sunansa, shi ne Janar Hinokuma, ɗan gidan masu dafa giyar shinkafa. Aji ɗaya suka yi da Baba. Daga nan aka kai shi makarantar soja, Baba ya koma fasa dutse. Muna nan sai ga hotonsa a jarida yana kanar a ƙasar Sin, a kan farin doki. Ba a daɗe ba aka ce ya zama janar, an ba shi kujera a ma'aikatar yaƙi, wai har ministoci ba sa son haɗa ido da shi. A garinmu in yaro ya ƙi cin abinci, sai a ce masa da haka Hinokuma ya zama janar?

Da gari ya tashi kafa dutsen tunawa da waɗanda suka mutu a fagen daga, shi aka roƙa ya rubuta manyan baƙaƙen gaba, don abin da aka saba ke nan, janar ne ke rubutawa, masassaƙi ya bi hannunsa. Ya aiko da rubutun a takarda mai tsawon mutum biyu. Gaskiya hannunsa yana da kyau, wannan ba a ƙwace masa. Baba ya shafe rani guda yana bin kowane lanƙwasa, har inda gashin alƙalamin ya bushe ya bar zane-zane sai da ya fitar a jikin dutsen. Shi kansa ya ce bai taɓa aikin da ya kai wannan ba. A bayan dutsen kuma ya sassaƙa sunayen matattu, lokacin ba su cika layi biyu ba, sauran duk fili ne.

Shi ya sa ranar da aka kira Sakuji soja, aka kuma ji rundunar yankinmu tana ƙarƙashin Hinokuma, Baba har giya ya saya wa maƙwabta. Innata Riku tana kuka a bakin murhu, ya ce mata, "Ke, share hawayenki. Yaron nan hannun ɗan gida zai shiga. Mutumin da muka ci dankali a garwashi ɗaya zai bar ɗana ya wulaƙanta?" Ba shi kaɗai ya yi wannan lissafin ba, duk garin haka muka yi shi. A tasha mata suna gaya wa juna mun yi sa'a.

Tun ranar da Sakuji ya tafi Inna take ajiye masa abincinsa. Kowace safiya ta zuba shinkafa a akushinsa, ta rufe, ta ajiye a gaban hotonsa. In an jima ta ɗaga murfin, in ta ga gumi a cikinsa, to matafiyi yana da rai. Kowane gida mai ɗa a soja haka yake yi.

Aka kwashe su zuwa wani tsibiri a kudu. Abin da muka ji daga baya shi ne Janar ya ce su tsallaka duwatsu da guzurin 'yan kwanaki, wai in sun isa sai su ci na abokan gaba. Ba su isa ba. Kafin su juyo, jirgin sama ya zo ya ɗauke Janar, an ƙara masa girma, ana bukatarsa a babban birni.

Mu kuwa akwati aka aiko mana, ɗan ƙarami, naɗe da farin ƙyalle, aka ce ƙasusuwan Sakuji ne, kada a buɗe. Inna ta karɓa da hannu biyu kamar yadda aka koya mana, ta rusuna. Muna shiga gida ta girgiza shi a kunnenta, ya yi ƙwal-ƙwal. Ta ce, "Baban Sakuji, buɗe." Ya buɗe. Tsakuwa ce guda ɗaya. Inna ta dube ta, ta dubi Baba, ta ce, "Ni dai ba dutse na haifa ba." Washegari ta zuba shinkafa ta rufe kamar kullum.

Bayan an ci mu da yaƙi ne Mansaku mai awara ya dawo, shi kaɗai cikin waɗanda suka tafi tare da yayana. Ya rame har matarsa ta wuce shi a tasha. Ya daɗe yana kewaye gidanmu, in zai je kasuwa sai ya bi ta bayan makaranta. Wata rana da hantsi, Inna ta tafi gona, ya shigo filin da Baba ke aiki, ya tsuguna ya kasa ɗaga kai.

"Kawu, ban ga mutuwarsa ba," ya ce. "Ƙafafunsa ne suka kumbura. Ya zauna a gindin wata bishiya a bakin hanya, ya ce in wuce, in ya huta zai biyo ni. Har hularsa ya ɗaga mini."

"Yana magana?"

"Yana magana, Kawu. Har tsokanata ya yi, wai in na riga shi isa in ajiye masa awara, kada in cuce shi kamar yadda nake cutar mutane a sikeli."

Baba bai juya masa mataccen kunnen ba, da mai jin ya saurara har ƙarshe. Ya ce masa ya gode, Mansaku ya tashi ya tafi. Ni ina bayan tulin duwatsu da butar shayi, na kasa gaba na kasa baya. Baba ya ce kada in gaya wa Inna, ni kuwa kafin rana ta faɗi na gaya mata. Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Ai na faɗa muku. Hutawa yake."

A shekarun nan Amurkawan da suka ci mu da yaƙi suka ce a kawar da duk irin dutsen nan. Wasu garuruwa suka farfasa nasu. Baba ya ce sai dai a fara fasa kansa. Aka haƙa rami a bayan makaranta, ya naɗe dutsen da tabarmin kara kamar jariri, aka kwantar da shi aka rufe. Har lokacin bai daina kare Janar ba. Da aka kama Janar ɗin aka kai gidan yari, Baba cewa yake, "Soja umarni yake bi. Ku bari ya fito mu ji daga bakinsa." In na ce wani abu sai ya juyo mini kunnen hagu.

Janar ya fito kuwa. Duniya juyi-juyi, ba a yi shekara nawa ba sai ga shi a bayan buɗaɗɗiyar mota, da farar safar hannu da lasifika, yana neman kujerar majalisa. Kakin ya tafi, amma tsayuwar tana nan. Ya yi alkawarin fansho ga matan da suka rasa mazajensu, ya ce zai dawo da ƙasusuwan 'ya'yanmu gida. Matan da na gani da idona suna tsine masa, su ne a gaba suna ɗaga masa hannu. Ban ga laifinsu ba, yunwa ba ta san zuciya ba, amma ni ko leƙe ban fita ba.

Sai ga mai gari Gonda a gidanmu, wai za a tono dutsen a sake kafa shi kafin zaɓe, Janar da kansa zai yaye ƙyallen. A cika bayan da sunayen duk waɗanda suka mutu.

"Har da na Sakuji?" in ji Baba.

"Haba Isokichi, gwamnati ta ce ya mutu, akwati ya zo. Kai ne za ka fi gwamnati sani?"

Inna ta yi magana daga ɗaki, ba ta ko fito ba. "Mai gari, ka sha shayinka ka gaishe da gida. Duk hannun da ya rubuta ɗana cikin matattu, ba zai sake cin abincin hannuna ba."

Gonda ya matso kusa da Baba ya yi ƙasa da murya. "Ka dai yi tunani. In kowa yana jiki ban da shi, ka san abin da za a ce. Ko dai ya gudu, ko ya ɗaga hannu ya miƙa wuya. Ga 'yarka da 'ya'yanta a garin nan."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji haushinsa. A lokacin gara a ce ɗanka ya mutu da a ce an kama shi da rai. Baba ya shiga tsaka mai wuya. In ya sassaƙa, ya kashe yaron a idon uwarsa. In ya bari, ya mai da shi matsoraci a idon gari. Ya yi kwanaki ba ya taɓa guduma, sannan ya sa rigarsa ta zuwa biki ya ce in raka shi masaukin Janar, zai tambayi mai abin.

Janar ya karɓe mu da fara'a. Ya tsufa, amma bayansa a miƙe kamar sanda. "A'a, Iso mai dutse. Kana nan da ranka? Wannan kunnen har yanzu a kan aikinsa yake?" Suka yi dariya. Na ga fuskar Baba ta saki, har na ji tausayinsa.

"Ranka ya daɗe, ɗana na zo tambaya. Sakuji. Yana cikin waɗanda suka hau duwatsun nan."

"Jarumai ne dukansu. Ka yi alfahari da shi."

"Na yi, ranka ya daɗe. Amma wanda suka taho tare ya ce a zaune ya bar shi, yana magana. Na ce ko daga baya an tura wasu su bi hanyar su kwaso irinsu. Ko ka ji wani labari. Uwarsa ce ba ta..."

Janar ya dubi agogonsa, ba da wulaƙanci ba, kawai ya duba. "Iso, runduna guda nake riƙe da ita. A yaƙi babba ba ya ganin bishiya ɗaya, daji yake gani. Duk wanda bai dawo ba ya mutu a bakin daga yana fuskantar abokan gaba, haka aka rubuta, haka kuma ya fi wa kowa. Ka sa sunansa a wuri mai kyau. Me ka ce sunan ma?"

Baba ya sake faɗa masa sunan, a hankali. Ya rusuna, muka fito. Ban taɓa ganin mutum ya tsufa tsakanin ƙofa da ƙofa ba sai ranar.

Washegari ya ɗauki guduma. Ya sa aka kewaye dutsen da tabarmi, ba mai shiga sai shi. Ya sassaƙa 'ya'yan mutane ɗaya bayan ɗaya, yaran da ya san ranar haihuwarsu, har filin bayan nan da muke gani da yawa ya cika ya kusa kasawa. Inna ta cika maganarta tun kafin ta ga komai, ta daina zuba masa abinci. A gidana yake ci.

Ranar buɗewa gari ya cika. Janar ya ja igiya, ƙyalle ya faɗi, rubutunsa ya fito kamar jiya aka yi shi, aka yi tafi. Sannan aka zagaya baya don iyaye su ga sunayen 'ya'yansu, sai tafin ya mutu. Suna bayan suna, duk launin dutse, sai guda ɗaya a tsakiya, Sakuji, an cika shi da jan fenti.

Ba wanda yake bukatar bayani. In aka sassaƙa sunan mai rai a dutsen matattu, kamar matar da mijinta ya riga ta aka rubuta su tare, ja ake cika shi da shi, ranar da ta bi shi a wanke. Ko yaro ya san wannan. Ga sunan yana cikin 'yan'uwansa, ba mai cewa ya gudu. Ga kuma jan yana gaya wa duk mai ido cewa da ransa aka baro shi.

Gonda ya yi tsuru-tsuru, ya zo yana raɗa, "Isokichi, so kake ka kashe ni? Wannan wane irin abu ne a gaban baƙi?" Baba ya juya masa kunnen hagu. Janar ya tsaya yana kallon jan nan, na zuba masa ido ina jiran ko gashin girarsa ya motsa. Ya gyara safar hannunsa ya ce, "Mai dutse ya tsufa. A gyara bayan taro." Ya tafi cin abinci. Wata tsohuwa a bayana ta fara kuka a hankali tana cewa nata fa, wa ya ga nata? Inna kuwa ta ratsa mutane ta je ta shafa sunan da yatsa, ta koma gida. Da yamma ta aiko jikanta gidana a ce wa Baba abinci yana hucewa.

Ba a gyara ba. Duk garin ba mai ƙarfin halin ɗaukar burushi ya wanke sunan ɗan wani, yin haka kamar kashe shi ne da hannunka. Janar ya ci zaɓe, ko a jikinsa, wai an tsikari kakkausa. Ya sake ci, ya zama ƙaramin minista, fanshon ma ya fito, ba zan yi masa ƙarya ba. Ƙasusuwan ne ba mu gani ba. Ya mutu a gadonsa da lambar girma a ƙirji, aka rufe makarantarmu ranar jana'izarsa. Bai sake zagayawa bayan dutsen nan ba ko sau ɗaya. Baba kuwa duk bazara sai ya jingina tsani ya sabunta jan.

Akwai abin da jan nan ya ci mana, wanda ba ma faɗa. Duk shekara in lokacin dawowar matattu ya yi, kowane gida yana hura wuta a ƙofa don nasa su gane hanya, a kunna musu turare, a kira sunayensu a haikali, ranar komawarsu a saki fitilun takarda a kogi. Sakuji ba shi da ko ɗaya. Ba a kunna wa mai rai turare. Sai mu tsaya a bakin kogi muna kallon fitilun abokansa suna tafiya tare, Inna tana cewa, "Ba komai, shi yana da shinkafarsa."

Inna ta rasu a wata kaka, bayan ta yi kwanaki tana tambaya ko an ɗaga murfi. Na ci gaba da zuba shinkafar na ɗan lokaci, amma ina da gidana da surukata da ciwon gwiwa, wata rana in yi, wata rana in manta. Baba yana gani. Shi ma idonsa ya fara tafiya, hannunsa yana rawa har ba ya iya riƙe sandunan cin abinci sosai.

Da bazara ta zagayo ya ce in ɗauko tsani. Na ɗauko, na haɗo da gwangwanin fenti ina mita, na ce wannan karon ni zan hau, in ya faɗo ba ni da mai ɗaga mini shi. Ya ce in mai da fentin. Ya miƙo mini kwalbar kananzir da burushin waya.

Na ce, "Baba, me za ka yi?"

"Tatsuno, uwarki ta tafi. Ni ma ga ni a bakin ƙofa. Ke kuma ba za ki dawwama ba. In na bar shi haka, wa zai ba shi abinci? Ba ya cikin masu rai da za a zuba masa, ba ya cikin matattu da za a kunna masa. Shi kaɗai zai rage."

"To ka bari sai bayan ranka, ni sai in yi."

"A'a. Hinokuma ya bar shi zaune a bakin hanya, ni kuma na zo na hana shi tashi. Don uwarsa na fara, daga baya don haushi nake yi, na sani. Wanda nake jin haushin ma ya tafi ya huta. Riƙe tsanin."

Na riƙe. Ya hau da ƙyar, yana laluben sunayen da yatsa don idon ba ya gani, yana wuce 'ya'yan mutane har ya kai ga nasa. Fentin shekara da shekaru ya yi kauri a cikin ramin baƙaƙen, ba ya fita da sauƙi. Yana gogawa jan yana gangarowa ta hannunsa zuwa gwiwar hannu, yana ɗiga a kaina. Ina kuka ina zagin tsanin, don ban san wanda zan zaga ba. Wasu yara da ke dawowa daga makaranta suka tsaya kallo, na daka musu tsawa suka watse.

Da ya gama ya daɗe a saman bai sauko ba, tafin hannunsa a kan sunan. Na ji yana magana a hankali, irin muryar da yake tashinsa da ita in za su fita aiki.

"Sakuji, hutun ya isa haka. Tashi, innarka na gaba."

Da ya sauko ya zauna a ƙasa ya jingina da dutsen. Ya zaro tsinken turare daga ƙirjin rigarsa, ashe tun daga gida yake ɗauke da shi, ya yi ta ƙyasta ashana tana mutuwa. Ya miƙo mini, ya ce, "Kunna wa yayanki. Ya rasu."